Turancin takarda daban, na titi daban

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu da malamai, hajiyoyi na can baya, sannunku da fitowa cikin wannan sanyi.

An ce in yi magana kan kalmomin Turanci da ke zuwa mana a wasiƙu. Na san wasu za su ce haba Malam, mu da muka yi digiri da Turanci? To ai nan matsalar take, mai digirin shi ya fi jin kunyar tambaya. Turancin kotu da na asibiti a Ingila ba shi ne wanda muke yi a bas ko a wajen aiki ba, kuma wallahi Baturen ma da aka haifa nan sau da yawa sai ya nemi lauya ya warware masa.

Dalili kuwa tsoho ne. Bayan Normawa daga arewacin Faransa sun ci ƙasar nan a 1066, Faransanci da Latin suka zama harshen shari'a na ɗaruruwan shekaru, sai a 1730 majalisa ta yi dokar da ta ce a riƙa rubuta takardun kotu da Turanci, amma tsoffin kalmomin suka ƙi tafiya. Mortgage ɗin nan, bashin sayen gida da ke hana mu barci, daga tsohon Faransanci ya fito, ma'anarsa mataccen jingina. A 1999 sun ɗan yi gyara, plaintiff ya koma claimant, wato mai ƙara. Wanda ya taso da Turancin kotunan Najeriya ya lura da wannan.

Wadda ta fi tayar wa mutanenmu hankali ita ce leave to remain. Mutum ya ga leave sai gabansa ya faɗi, ya ɗauka an ce ya tattara ya tafi, alhali leave a tsohon Turanci izini ne, izinin zama aka ba ka. In aka sa indefinite a gaba to zama ne ba iyakar lokaci, sai ka yi sujadar godiya. Amma ka duba ko an rubuta no recourse to public funds, wannan na nufin ba ka da damar karɓar yawancin tallafin gwamnati, kuma karɓa cikin rashin sani na iya ɓata maka takardu nan gaba.

Sai masu sayen gida, ku buɗe kunne. Freehold, gida da filin duka naka ne. Leasehold kuwa shekaru ka saya, 99 ko 125 ko fiye, kusan kamar takardar filin gwamna ta shekara 99 da muka sani a gida, kuma suna raguwa ne kullum, in suka yi ƙasa da 80 bankuna kan fara jan ƙafa wajen ba da bashi a kai. Guarantor kuma ba shaida ba ne don Allah, lamuni ne, ɗan uwanka ya kasa biyan haya kai za a bi. Mu da kunya ta yi mana yawa, a kawo takarda mu sa hannu don kar a ce mun ƙi zumunci.

Na asibiti ba zan ja ba. Surgery a nan sau da yawa ɗakin ganin likitan unguwa ne, ba tiyata ba. Chronic ciwo ne mai daɗewa, ba lallai mai tsanani ba. Benign ƙari ne da ba ciwon daji ba. Fortnight sati biyu, forthwith kuwa nan take, kar a haɗa su. Summons kam kowa ya san shi, shi ne sammacinmu.

Iyayenmu mata, NHS, hukumar lafiya ta ƙasar nan, na ba da tafinta kyauta in kun nema tun lokacin da ake sa muku rana, ku daina ɗaukar yaro ɗan shekara goma ya fassara muku maganar likita. Citizens Advice ma, masu ba jama'a shawara kan irin waɗannan matsaloli, ba sa karɓar ko sisi.

Shugaba, shawarata mu buɗe jeri a WhatsApp ɗinmu, duk wanda ya ci karo da kalma ya turo ita kaɗai, ban da hoton wasiƙar mai suna da adireshi, lauyoyi da likitocin cikinmu su ba da ma'ana da Hausa. Masu son shiga su ba sakatare suna kafin a tashi. Na gode, wassalamu alaikum.