Faɗuwar Gaban Da Ke Tasowa Daga Wuya

Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ka ƙirga. In kana zaune a natse, bugun da za ka ji a minti ɗaya bai kamata ya fita daga 60 zuwa 100 ba. Wutar lantarki ce ke tayar da kowane bugu. Can saman zuciya ta dama akwai wani ɗan gurbi da ke sakin wutar, kamar makaɗin da kowa ke bin gangarsa: ya buga, ɗakunan zuciya biyu na sama su matse, na ƙasa su biyo baya.

To, a gaban wuya, ƙasan maƙogwaro, akwai halittar da likitoci ke kira tayrod, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Ita ke fitar da sinadaran T3 da T4 masu saita saurin aikin jiki. Idan aikinta ya wuce ƙima, galibi saboda cutar Graves, wadda ke sa garkuwar jiki ta riƙa zuga tayrod, zuciya ce ke fara ji a jikinta.

T3 yana shiga ƙwayoyin tsokar zuciya, ya sa gurbin nan ya riƙa sakin wuta da gaggawa, ya kuma ƙara wa zuciya jin adirenalin, sinadarin da jiki ke saki lokacin tsoro. Sai bugu ya haura 100 alhali mutum na kwance. Faɗuwar gaban tsoro takan lafa in an yi barci. Wannan kuwa har cikin barci tana nan.

Ga inda haɗarin yake. Bayan kowane bugu, tsokar na buƙatar ɗan hutu kafin ta karɓi wata wutar. Yawan T3 yana gajarta hutun nan a ɗakunan sama, sai wuta ta fara tasowa daga wurare barkatai tana kewaye. Ɗakunan su daina matsewa, su koma karkarwa kawai. Likitoci na kiran wannan AF. A takardar ECG, gwajin da ke zana wutar zuciya, ɗan tudun da ake kira P yakan ɓace, tazarar bugu kuma ta ƙi daidaita. Jinin da bai fita sosai ba yana iya daskarewa, gudan ya haura ƙwaƙwalwa, ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Kimanin 10 zuwa 15 cikin 100 na masu tayrod mai wuce ƙima ne ke samun AF, kuma ta fi kama waɗanda suka haura shekara 60.

Tsofaffin nan su ne abin tausayi, don sau da yawa ba a ganin rawar hannu ko yawan zufa a jikinsu. Sai dai rama da gajiya, a ce ai girma ne.

Gwajin jini na TSH, sinadarin da ke ba tayrod umarnin aiki, shi ke tona asirin cutar tayrod ɗin. In ta tabbata, likita kan ba da propranolol don rage gudun zuciya, da carbimazole don tayrod ta sassauta. Da yawa bugunsu yakan koma daidai cikin 'yan watanni bayan sinadarin ya sauka.