Kwano ne ya zaɓi ɗan majalisar nan a Amurka? Ku zo mu duba takardar tukuna

(Hoto: hannu ya shiga cikin kwanon tangaran, 'yan jarida sun yi cincirindo)

Jama'a, assalamu alaikum. Wannan guntun bidiyon da kuke gani, an turo mana shi ya fi a ƙirga, kuma tambayar kusan iri ɗaya ce. Wai da gaske a Amurka canki-canka ake yi a zaɓe? Wai sai a zuba sunaye a kwano, wanda Allah Ya ba shi ya tafi majalisa?

Bidiyon dai na gaske ne, ba haɗi ba ne. Ranar 4 ga Janairun 2018 aka ɗauke shi a birnin Richmond, hedikwatar jihar Bajiniya. Sunan da ya fito daga kwanon shi ne David Yancey. Sai dai wanda ya fara labarin daga kwano ya shigo kasuwa ne bayan ta watse. Inda aka yi ainihin ciniki wani waje ne daban, makonni biyu kafin nan, a kan takarda guda ɗaya tak. Can za mu daɗe. Sauran kuwa da gudu za mu wuce.

(Hoto: taswirar Bajiniya, sannan tashar ƙera jiragen ruwa)

Wane ne David Yancey? Ɗan jam'iyyar Rifablikan ne daga Newport News, garin da ya yi suna wajen ƙera manyan jiragen ruwan yaƙi. Mazaɓarsa ita ce ta 94 a majalisar wakilan jihar. Ku lura, ta jiha nake nufi, ba ta tarayya da ke Washington ba. Kujera 100 ce a zauren, kuma wa'adin shekara biyu ne kacal, kafin mutum ya gama sanin hanyar ofis an sake buga gangar zaɓe.

An fara zaɓensa a 2011. A 2013 ya sha da ƙyar. A 2015 ya kara da wata 'yar Dimokurat mai suna Shelly Simonds, mamba a hukumar makarantun garin, ya kayar da ita ba tare da wani gumi ba. Ku riƙe sunan nan, domin ita ce za ta dawo.

Sai 2017. Shekarar farko ta Donald Trump a fadar White House, 'yan Dimokurat sun fito da fushinsu. Ralph Northam ya doke Ed Gillespie ya zama gwamna. A majalisar wakilai kuwa, Rifablikan sun shiga zaɓen da kujera 66, Dimokurat na da 34. Aka wayi gari Dimokurat sun ƙwace 15. Lissafi ya koma kan mazaɓa ta 94. In Yancey ya riƙe ta, 51 da 49. In Simonds ta karɓe, 50 da 50, babu mai rinjaye, dole a zauna a raba muƙamai. Kuma wannan zauren ba shi da wanda zai raba gardama idan an yi kunnen doki, saɓanin majalisar dattawan jihar inda mataimakin gwamna ke da wannan ikon.

An yi zaɓe ranar 7 ga Nuwamba. Da aka gama tattara sakamako, Yancey na gaba da ƙuri'a 10. Goma, cikin sama da dubu 23. Ko layin masu jiran ƙosai da safe ya fi haka tsawo.

To, a nan ne za mu rage gudu.

(Hoto: tebura, akwatuna, mutane bibbiyu suna duba takardu)

Dokar jihar ta ba wanda aka kayar da tazarar da ba ta wuce kashi 1 cikin 100 ba damar neman a sake ƙirga. Simonds ta nema. Ranar 19 ga Disamba aka zauna. Ga yadda ake yi: ana sake zura takardun cikin na'ura, wadda na'urar ta kasa karantawa sai a ware ta, jami'an da ɓangarorin biyu suka kawo su duba ta da ido, su yanke ko ta wane ce, ko kuma lalatacciya ce.

Kafin yamma goman nan ta narke. Simonds 11,608, Yancey 11,607. Ƙuri'a ɗaya! Labari ya zagaya duniya. Har shugabannin Rifablikan na majalisar suka fitar da sanarwar taya ta murna. Duk wanda ya kwanta a daren nan ya kwanta da sanin cewa ta ci.

Ga matakin da mutane ke tsallakewa. A Bajiniya, sake ƙirga ba aikin hukumar zaɓe kaɗai ba ne, shari'a ce a gaban kotu. Alƙalai uku ne ke kula da ita. Masu ƙirga su gama nasu, su tattara alƙaluma, amma abin da suka rubuta ba ya zama sakamako sai alƙalan nan sun zauna sun tabbatar. Wato abin da duniya ta yi ta shela a daren 19 ga wata, miyar ba ta sauka daga murhu ba tukuna.

Washegari, 20 ga wata, kotu ta zauna don ta sa hannu. Sai lauyoyin Yancey suka miƙe da wasiƙa. Ɗaya daga cikin jami'an ƙirgar, na ɓangarensu, ya rubuta cewa akwai wata takarda da aka jefa cikin lalatattu jiya, ya yarda a lokacin, amma ya kwana tana damunsa. Alƙalai suka ce a ɗauko ta.

(Hoto: takardar ƙuri'ar, a matso da ita sosai, a bar ta a kan allo)

Ga ta nan. Ku dube ta da kyau, ba sauri muke yi ba.

Can ba dangwale ake yi da yatsa kamar namu ba. Kowane suna yana da ɗan ƙaramin da'ira a gefensa, sai ka cike na wanda kake so da biro. Wannan bawan Allah, ko baiwar Allah, domin babu wanda ya san ko wane ne, ya cike da'irar Simonds. Ya kuma cike ta Yancey. Sannan ya ja layi guda a kan ta Simonds.

Me yake nufi?

Lauyoyin Yancey suka ce ai a fili yake. Mutum ya yi kuskure, ya cike inda bai yi niyya ba, ya soke, ya koma kan nasa. Suka ƙara da cewa a duba sauran takardar, duk 'yan Rifablikan ya zaɓa a sauran kujerun. Mai irin wannan hannu, in ji su, ba zai juya ya ba 'yar Dimokurat ba.

Magana ce mai kama hankali. Amma ku ɗaga ido sama kaɗan, wajen kujerar gwamna. Ya cike da'irar Gillespie, ɗan Rifablikan, sannan ita ma ya yi mata wani zane a kai, kamar ekis. To fa. Idan zane a kan da'ira yana nufin "na fasa", ke nan ya fasa zaɓen Gillespie ma? Idan kuma zanen yana nufin "wannan ne nawa, na jaddada", ashe Simonds ya jaddada ke nan? Hannu ɗaya, biro ɗaya, takarda ɗaya, ba zai yiwu a karanta zanen sama da wata ma'ana, na ƙasa da kishiyarta ba, sai an yi bayani mai ƙarfi. Wannan ita ce hujjar ɓangaren Simonds. Suka kuma ce lokaci ma ya wuce, an gama ƙirga jiya, kowa ya amince, yaya za a dawo da takarda bayan an ga cewa ita kaɗai ce za ta juya sakamako?

Ku lura da lissafin, domin a nan mutane ke rikicewa. Hanya uku ce a gaban alƙalan. In sun ce lalatacciya ce, a bar ta inda take, Simonds ta ci da ɗaya. In sun ce ta Simonds ce, ta ci da biyu. Hanya ɗaya ce kawai ke hana ta kujerar nan take, ita ce a ce ta Yancey ce. Ko a hakan ma ba cin zaɓe ya yi ba, kamo ta kawai ya yi.

Alƙalan suka shige ciki, suka daɗe suna shawara, suka fito suka ce niyyar mai zaɓen ta bayyana, Yancey yake so. 11,608 da 11,608. Canjaras.

Ni dai, in kun tambaye ni, kuma na san ba ku tambaya ba, da na bar ta cikin lalatattu. Ba don na san zuciyar mai ita ba, wataƙila ma Yancey ɗin yake so, alamu sun fi karkata can. Dalilina shi ne takardar da sai manyan alƙalai uku sun rufe ƙofa suna nazari kafin a gane ta, ba ta faɗi komai a fili ba ke nan. Amma a can ƙa'idar ita ce a bi niyyar mai zaɓe matuƙar za a iya gano ta, kada a zubar da ƙuri'ar mutum saboda hannunsa ya zame. Wannan ma ba a rasa hikima a cikinsa ba. Ku faɗa mana naku ra'ayin a ƙasa, amma don Allah ban da zagi.

Ni abin da ke ba ni dariya shi ne mai takardar nan. Yana can wani gida a Newport News, ƙila yana kallon talabijin, ana nuna aikin bironsa ga duniya, ya yi gum da bakinsa.

(Hoto: a koma kan kwano)

Yanzu sai kwano. A wancan lokacin dokar jihar ta ce idan an yi canjaras a irin wannan kujera, hukumar zaɓe ta raba gardama ta hanyar jefa ƙuri'a, wato canki-canka. Tushen dokar tun 1705 yake, tun Bajiniya na ƙarƙashin Ingila, ba a ma haifi Amurkar ba. Kuma ba a kan Yancey aka fara ba, a 1971 ma an taɓa ciro sunan ɗan majalisa daga kofin azurfa.

Ga wani abu da mu Hausawa ya kamata ya ba mu murmushi. Kalmar nan "ƙuri'a" da muke cewa mun kaɗa ranar zaɓe, asalinta daga Larabci, ai wannan ce ma'anarta: a jefa a ga wanda rabo ya faɗa wa. Mu muka ɗauke ta muka ba takardar zaɓe. Don haka in an ce a Bajiniya an raba gardamar ƙuri'a da ƙuri'a, Bahaushe ne kaɗai zai ji daɗin maganar.

An sa ranar 27 ga Disamba don ciro suna daga kwano, aka ɗage saboda Simonds ta koma wajen alƙalan tana roƙon su sake tunani. Suka ƙi. Sai 4 ga Janairu.

Sauran kuna gani da idonku. An rubuta sunan kowa a 'yar takarda. An cusa kowace cikin 'yar robar nan da masu hoto ke ajiye fim a ciki, matasan yanzu ku tambayi iyayenku. Kwanon kuma ba na kicin ba ne, aro aka yi daga gidan adana kayan fasaha na jihar, aikin wani maginin tukwane mai suna Steven Glass. An juya. Shugaban hukumar zaɓe, James Alcorn, ya sa hannu. Ya buɗe.

David Yancey.

Aka buɗe ta biyun ma don kowa ya ga sunan Simonds na ciki, ba a yi coge ba. Ga ta can zaune da iyalinta, ku kalli fuskarta. Shi gogan bai ma zo wajen ba.

Wani zai ce, a Najeriya fa? Dokar zaɓenmu ta ce idan manyan 'yan takara suka yi daidai, baturen zaɓe ba zai bayyana kowa ba, sabon zaɓe za a yi. Kada kuma a haɗa wannan da "inkonkulusib" ɗin da Kanawa ba za su manta ba tun 2019, wancan maganar ƙuri'un da aka soke ne da tazarar da ke tsakani, ba canjaras ba.

(Hoto: zauren majalisa, ana rantsuwa)

Ranar 10 ga Janairu, ranar da majalisa ta buɗe zama, Simonds ta ce ta haƙura. Rifablikan suka riƙe zauren da 51 da 49, Kirk Cox ya zama kakaki, shugabancin kwamitoci ya tsaya a hannunsu. Duk daga layin biro guda.

Yancey ya yi shekara biyunsa. Kafin zaɓen 2019 kotun tarayya ta sa aka sake shata iyakokin mazaɓu da dama a jihar, bayan ta gano an yi amfani da launin fata wajen zana su ta hanyar cusa baƙar fata a wasu 'yan mazaɓu. Ta 94 na cikin waɗanda sauyin ya shafa, kuma sabuwar taswirar ba ta yi masa daɗi ba. Suka sake haɗuwa, karo na uku. Simonds ta samu kusan kashi 58 cikin 100, Dimokurat suka karɓe majalisar da kujera 55, Eileen Filler-Corn ta zama mace ta farko da ta riƙe kujerar kakaki a tarihin zauren. A watan Janairun 2020 Yancey ya bar majalisa bayan shekara takwas, ya ci zaɓe uku a akwati, na huɗu a kwano, na biyar ya faɗi.

(Hoto: takardar ƙuri'ar, daƙiƙa biyar, sannan allo ya yi duhu)