Ladubban mafarauta a dajin gwamnati, daga duwatsun Kolorado

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri, yau ƙasa-ƙasa zan riƙa magana. Ƙarfe huɗu da rabi na asuba ke nan, ga mu a inda hanyar mota ta ƙare a gandun dajin White River, gabas da garin Meeker a jihar Kolorado ta Amurka. Daga nan sai ƙafa ko doki, domin yankin duwatsun Flat Tops da ke gabanmu yana cikin wuraren da dokar kare daji ta 1964 ta hana shiga da abu mai inji, kai ko keke ma ba a yarda ba.

Ku dubi motocin nan, ga lambar jihar Texas, ga ta jihar Wisconsin. Duk elk suka zo nema, wato wata dabba dangin barewa wadda namijinta kan kai kilo 300. Dajin kuwa ba na kowa ba ne, kuma na kowa ne. Hukumar gandun daji ta tarayya tana riƙe da eka miliyan 193, hukumar BLM mai kula da filayen gwamnati tana da kusan miliyan 245, kuma mai lasisi yana da ikon shiga. Doka ba ta ce wanda ya riga zuwa shi ke da wuri ba. Mafarauta ne suka ɗora wa kansu wannan.

Kun ga dattijon can mai jar fitila a goshi? Ya riga mu isowa, don haka ni na je na same shi. Muka gaisa, na ce masa, "Yallaɓai, wane ɓangare ka nufa?" Ya ce zai bi ƙoramar hagu har tsakanin duwatsun can biyu. Shi ke nan, mu mun koma dama.

To ga abin da nake so ku lura da shi. Ana tambayar mutum ina ya nufa, amma ba a tambayarsa ina ya ga nama. Ko ka tambaya, cewa zai yi bai ga ko kashinsu ba, alhali jiya da yamma a gabansa garke ya wuce. Wannan ɓoyon babu mai jin haushinsa, kowa na yi. Wanda ba a yafewa shi ne ka ce hagu za ka, gari ya waye a gan ka a dama. Ba maganar ɓata wa mutum farauta kaɗai ba ce. Harsashin bindigogin nan yana cin kilomita fiye da ɗaya, kuma shi ya saki jiki cewa babu kowa a gabansa. Shi ya sa kuka gan ni cikin rigar nan da hula masu ruwan lemo. A Kolorado dole ne a sa wannan launi ko ruwan hoda mai haske a lokacin farautar bindiga, aƙalla inci 500 murabba'i a saman jiki, da hular da za a hango ta kowane gefe.

Sai kuma iska. Da asuba iska mai sanyi gangarowa take yi daga dutse zuwa kwari, in rana ta ɗaga sai ta juya ta hau sama. Elk kuwa hancinsa ya fi idonsa aiki. In ka hango wani ya zauna yana dakon wani fili, ka bi ta samansa da sassafe, to ka aika warin jikinka cikin kwarin gaba ɗaya, ka kashe masa yini. Hularka za ka ɗaga masa ya san ka gan shi, ka yi kwana ta inda iska ba za ta kai musu warinka ba, ko da tafiyar za ta ƙaru.

Yauwa, mun dawo sansani, rana ta take, yanzu zan iya buɗe murya. Ga tantinmu, ga na maƙwabta can nesa bayan itatuwa. Mu da muka taso a gida, in ka ga mutane sun sauka a daji kusa da su kake matsawa, a samu abokin hira da na shayi. Nan kuwa in fili yana da yalwa ka zo ka kafa tanti a gindin na wani, kallon marar ta ido zai yi maka. Gaisuwa dai ana yi, har a ara maka gatari, amma kowa da tazararsa.

Wancan tantin kuma tun da muka zo ban ga ɗan Adam a cikinsa ba. Wasu ne ke zuwa tun kafin a buɗe farauta su kafa, su koma gari, wai sun kama wuri. A yawancin dazuzzukan nan kwana 14 aka yarda mutum ya yi a wuri ɗaya, su kuwa sai tantin ya ci rabin kwanakin babu mai shi. Ni dai a wurina wannan son kai ne, ko me suka kira shi.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Janareto a kashe shi da wuri, don masu tashi ƙarfe uku suna barci. Ƙofar mota a tura ta a hankali. Ni ma in na tashi sallar asuba ba na ɗaga murya da karatu. Harbi kusa da sansani ma doka ce ta hana, sai ka ba da yadi 150. Kada ka sauka a bakin ruwan da dabbobi ke sha. A jihar Arizona laifi ne kwana cikin kwatan mil daga irin wannan ruwa in hakan zai hana su sha. Ƙofar shinge kuma, yadda ka same ta haka za ka bar ta, akwai shanun makiyaya a ciki.

Inda rigima ta fi tashi shi ne mutum biyu su harbi dabba ɗaya. Wanda ya san farautar gida ya san yadda irin wannan kan ƙare da gora. Nan ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Wasu sun ce ta wanda ya fara yi mata raunin mutuwa ce, wasu sun ce ta wanda ya kayar da ita. Akan tsuguna a duba raunukan, a bi sawun jini baya, kuma sau da yawa ɗaya ne ke haƙura, tunda lasisinsa bai ƙone ba, gobe zai sake fita.

Ga ɗaya daga cikin samarin Wisconsin nan ya zo, sun kayar da namijin elk a can ƙasan kwari. Dokar jiha ta hana a bar naman da ake iya ci a daji, cinyoyi huɗu da naman gadon baya duk sai an fitar, kuma a bayan mutum za su fito kafin rana ta ɓata su. Kayan ciki nesa da hanya za a bari saboda beyar, wata babbar dabbar daji mai haɗari. Bai ce mu taimaka ba, tsayawa kawai ya yi yana ba da labari yana haki. Bari in ɗauko jakar baya in kashe kyamara, gangaren nan yana buƙatar hannu biyu.