Yau Muna Dashe a Bakin Tafki, Amma Ban da Kacalla

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, a fili nake. Ga ni a bakin tafkin gonar da nake aiki a yankin Norfolk, gabashin Ingila. Watan Mayu ne, amma kun ga har yanzu da rigar sanyi a jikina, kuma ruwan nan in ka tsoma hannu sai ka ji har cikin ƙashi.

Bari in juya kyamara ku gani. Wannan tafkin ba na gwamnati ba ne, mai gonar ne ya sa aka haƙa shi, ya nemi izini ya zuba kifi, yawanci irin wanda suke kira kaf. Masu sha'awar fatsa suna biyan kuɗi su zauna yini guda, su kama, su auna, su ɗauki hoto, su mayar da shi ruwa. Yau aikinmu dashe ne. Kun ga gaɓar can tsirara take, duk lokacin da iska ta kaɗo ruwa sai ya ci ƙasar, tafkin ya yi ja. Ƙananan kifi ba su da maɓoya, zalɓe yana zuwa da asuba yana tsintarsu ɗaya bayan ɗaya.

Makon jiya muka zauna da dattijon mai gonar muna rubuta tsirran da za a sayo. Yana cikin lissafi sai ya nuna mini hoton wata ciyawa doguwa mai kai kamar zangarniyar gero, ya ce ita ce za ta rufe masa gaɓa da wuri. Jama'a, gabana ya faɗi. Na ce masa ranka ya daɗe, wannan kacalla ce, na san ta tun ina yaro.

Duk wanda ya fito daga Haɗeja, Nguru ko Gashuwa ba sai na yi masa bayani ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ruwan fadamarmu ya daina zuwa ya janye kamar da. Ya zama yana kwance rani da damina, laka ta taru, kacalla ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa, masunta suka rasa inda za su tura kwalekwale, tsuntsayen jan-baki suka mayar da ita gida suna fita suna cin amfanin gona. Na ga dattawa cikin ruwa har ƙirji da lauje suna yanka, bayan 'yan makonni ta dawo kamar ba a taɓa ba. Ta nan Ingila 'yar uwarta ce, 'yar ƙasa ce a nan, doka ba ta hana ta ba. Amma halinsu ɗaya: tana tafiya ta ƙarƙashin laka da saiwa, kuma kanta in ya bushe ya fashe, iska ce ke raba irin. Gefen tafkin nan bai kai ƙugu ba, laka ce zalla. Na ce masa in ya dasa ta, nan da 'yan shekaru masu fatsa ba za su ga inda za su jefa ƙugiya ba. Ya yi shiru, ya soke ta daga takarda.

To ga abin da muka sayo. Ku dubi wannan mai ganye kamar takobi. Airis ce mai furen ɗorawa, 'yar asalin ƙasar nan. Ita na fi yarda da ita, domin saiwarta tana kama ƙasa da ƙarfi, tana yaɗuwa a hankali dunƙule-dunƙule, in ta wuce iyaka ka sa shebur ka rage. A ruwa mara zurfi ake sa ta, wanda bai wuce taƙi ɗaya ba. Wannan kuma na'a-na'ar ruwa ce. Da kuna nan da kun ji ƙamshi, mai kamun kifi in ya taka ta da takalmi duk wurin sai ya ɗauka. Akwai wata mai fure shunayya da ke fitowa a tsakiyar bazararsu, ƙudan zuma na son ta, za mu jera ta can baya inda ƙasa ke da danshi.

Ba ko'ina za mu dasa ba. Gaban kowane dandamali na katako da masu fatsa ke zama mun bar fili, saboda zare ya samu hanya, kuma in an jawo babban kifi a iya sa masa koma.

Yanzu ku zo ku ga abin da ya fi faranta mini rai. Bado! Wallahi bado ne, fari, kusan irin wanda muke tsinkowa a fadama muna cin 'ya'yansa. Shi ganyensa ne kawai ke kwance a saman ruwa, saiwarsa na ƙasa, don haka inda ka ajiye shi nan za ka same shi. Yana yi wa kifi inuwa, kuma inda inuwa take gansakuka ba ta samun ƙarfi. Sai dai kifin kaf akwai tono, da baki yake tonon laka kamar alade, sabon dashe in ka sa shi haka kawai gobe ka gan shi yana yawo a sama. Shi ya sa muka sa kowanne a kwando, muka cika da ƙasa mai yumɓu ba taki, muka danne da manyan tsakuwa. Za mu fara ajiye shi a wuri mara zurfi, in ganye ya miƙe sai mu riƙa tura shi ciki har ya kai kamar mita ɗaya. Akwai mai ruwan ɗorawa da ya fi jure zurfi, amma shi saiwarsa kauri gare ta kamar hannun mutum, cire shi aiki ne, ba mu ɗauko shi ba.

Wani zai ce ina kainuwa? Mu kan ce kainuwa dashen Allah, domin ba ta da saiwa a ƙasa, inda iska ta kai ta nan take. Matsalar ke nan. Ita kainuwarmu sanyin nan kashe ta yake yi, ta nutse ta ruɓe a ƙasan ruwa. Amma akwai baƙin tsirrai da sanyi ba ya kashewa. Tun watan Afrilun 2014 aka haramta sayar da guda biyar a Ingila. Ɗaya daga cikinsu, mai ganye zagaye kamar kwabo da aka kawo daga nahiyar Amurka, tana iya ƙara santimita 20 a yini. Wata kuma ƙanƙanuwa ce, azola, tana shimfiɗuwa ta koma ja, ka ɗauka ƙasa ce ka taka. In irin waɗannan suka rufe tafki, haske ba ya shiga, iskar oksijin ta ragu. Kuma da dare tsirrai ba sa ba da iskar, shaƙa suke yi su ma, shi ya sa da asuba ake tarar da kifi a sama yana buɗe baki.

Don haka kun ga wannan bahon? Duk abin da aka kawo sai na wanke saiwarsa a nan, nesa da tafki, na duba ganye ɗaya-ɗaya. Ɗan tsinke guda da ya maƙale a kwando ya isa ya fara ɓarna. Masu fatsa ma ba sa shigowa da jiƙaƙƙiyar koma, sai ta bushe ƙayau.

Ga dattijon can ya turo kwalekwale, yana ɗaga mini hannu. Bari in jingina wayar a kan wannan kututturen, in sa doguwar robar nan, ku ga yadda za mu saukar da kwandon farko.