Me ya sa Honda ta cusa silinda shida a injin 250?

 Akwai wani bidiyo da ke ta yawo na babur ɗin tsere mai salansa shida yana ƙara kamar ihu, kuma da yawa sun ɗauka wani ƙaton inji ne. Ku dubi ƙasan tankin da kyau. Honda RC166 ke nan na 1966, kuma 250cc ne kacal.

Mu taɓa tarihi a gurguje. A 1954 Soichiro Honda, wanda ya kafa kamfanin, ya yi shelar zai shiga tseren babura na TT a Tsibirin Man. Sai 1959 suka je, Naomi Taniguchi ya zo na shida a ajin 125cc. A 1961 Kunimitsu Takahashi ya zama ɗan Japan na farko da ya ci Grand Prix, wato tsere a gasar babura ta duniya, a Hockenheim ta Jamus. A shekarar ce Ernst Degner ya tsere daga Jamus ta Gabas, ya bar kamfanin babura na MZ ya koma Suzuki da sirrin inji mai bugu biyu, ya ci kambun 50cc a 1962. Zuwa 1964 Phil Read ya ƙwace wa Yamaha kambun 250 daga hannun Honda.

To, nan ne ake samun ruɗani. Ƙarin silinda bai ƙara wa injin girma ko kaɗan ba, doka ta tsayar da shi a 250. Yamaha da Suzuki mai bugu biyu suke hawa, irin wanda fetur ke ƙonewa tare da baƙin mai kamar ƙaramin janareta, kuma kowace silinda tana kama wuta a duk juyi ɗaya. Na Honda mai bugu huɗu ne, sai ya juya sau biyu kafin ta kama sau ɗaya. Hanyar kamo su ita ce ka juya fiye da su sosai.

Me ke hana inji juyawa da sauri? Abu biyu. Fistin yana tsayawa cik a sama, ya tsaya cik a ƙasa, a kowane juyi. In yana da nauyi kuma tafiyarsa na da tsawo, sandar da ke riƙe da shi za ta karye. Sai bawul, wato 'yar ƙofar da iska da fetur ke shiga silinda ko hayaƙi ke fita ta cikinta. In ya yi nauyi, sifirin ba ya iya dawo da shi kan lokaci, fistin ya taso ya same shi a buɗe, inji ya tashi aiki.

Injiniyan Honda Shoichiro Irimajiri, matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, sai ya raba 250 ɗin gida shida. Kowace silinda ba ta kai 42cc ba, wato biyu a haɗe ba su kai silindar babur ɗin haya mai 100cc ba. Ga fistin nan a tafin hannu. Bawul huɗu-huɗu, 24 ke nan, kowane kamar ƙusa. Kafireta shida. Da haka ya kai juyi 18,000 a minti, da ƙarfin doki kusan 60. Ku yi lissafi: juyi 300 a daƙiƙa, kowace silinda ta kama wuta sau 150, shida sun ba da 900. Ihun da kuke ji ke nan. A ganina ba a taɓa yin injin da ya fi shi daɗin sauraro ba, ko da yake maƙwabta ba za su yarda ba.

Amma akwai kuɗin da ake biya. Ƙarfin yana can sama ne kawai, shi ya sa aka ba shi giya bakwai. Ku lura da hannun makaniken da ke cikin bidiyon, yana ta murza totur yana saki. Ba burga yake ba. Kayan da ke juyawa a ciki ba su da nauyi, da ya saki gaba ɗaya injin zai mutu nan take.

Mike Hailwood ya ci tsere goma da shi a 1966, ya sake ɗaukar kambun a 1967. Ga ɗan'uwansa na 125 mai silinda biyar, na Luigi Taveri. Ga Suzuki 50cc mai giya 14.

Honda ta janye bayan kakar 1967. Hukumar tseren babura ta duniya, FIM, kuma ta taƙaita 125 da 250 zuwa silinda biyu da giya shida daga 1970, don kuɗin ya fi ƙarfin ƙananan kamfanoni. Da Honda ta dawo ajin 500 a 1979, silinda huɗu doka ta yarda, sai ta ƙera NR500 da fistin mai tsawo kamar gwangwanin kifi, sanda biyu da bawul takwas a kowane, don huɗu su yi aikin takwas. Takazumi Katayama, zakaran duniya na 350 a 1977, ya hau shi. NR500 bai ci Grand Prix ko ɗaya ba, kuma da mai bugu biyu Freddie Spencer ya kawo wa Honda kambun 500 a 1983.