Zama a Legas ba alfarmar ɗan takara ba ce

Jama'a, assalamu alaikum. Daga Agege nake muku magana, ku yi haƙuri da ƙarar motocin danfo da janareto, Ikko ke nan. Yau raina a ɓace yake. Wani ɗan takara ya zo gaida 'yan Arewa, ya riƙe lasifika yana cewa wai in muka zaɓe shi babu mai korar mu daga Legas. Aka kaure da tafi, aka raba dubu biyar-biyar da turamen atamfa. Haba! Abin da ke aljihunka ne fa mutumin nan yake sayar maka.

Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya damar zuwa ko'ina a ƙasar nan, ya zauna inda ya ga dama. Na 43 ya ce ka mallaki fili ko gida a kowace jiha. Na 42 ya hana gwamnati nuna maka bambanci saboda ƙabila, addini ko garinku. Duk suna babi na huɗu, daga sashe na 33 zuwa na 46. Mu da kakanninmu suke fataucin goro da shanu a kurmin nan tun kafin a haifi kakan ɗan takarar!

Inda 'yan takara suke rabuwa da gaske shi ne sashe na 45, kuma da wuya ka ji sun ambace shi a kan dandamali. Shi ya yarje wa gwamnati ta yi dokar da za ta rage 'yancin da ke sashe na 37 zuwa na 41, saboda tsaro, zaman lafiya, tarbiyya ko lafiyar jama'a, muddin dokar abin karɓa ce a mulkin dimokuraɗiyya. Wani ɗan takarar yana ganin wannan ƙofa 'yar siririya ce, sai dole ake bin ta. Wani kuwa gani yake kalmar "tsaro" ta isa a hana taro, a rufe kasuwa, a kwashe mutane. To wannan za ka tambaye shi. Ɗauki acaba: daga 1 ga Yuni 2022 aka hana shi a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Legas Mainland da Legas Island. Dokar jiha ce, tana hannun gwamna da majalisar dokokin jiha da ke Alausa. Mai neman kansila ko ciyaman ya ce zai dawo maka da babur kan titin Ikeja, ɗan'uwa, ka sha shayinka kawai.

Ga wani romon bakan kuma: ilimi kyauta, asibiti, aikin yi. Suna cikin kundin, amma a babi na biyu, kuma sashe na 6(6)(c) ya ɗaure hannun kotu a kansu. In ya ce zai gyara kundin, ka ce masa lissafo mana. Gyara na yau da kullum sai kashi biyu cikin uku na majalisar tarayya, wato sanata 73 cikin 109 da wakilai 240 cikin 360, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince. Taɓa babi na huɗu ya fi tsauri: huɗu cikin biyar, sanata 88, wakilai 288. Mutum ɗaya bai isa ba, ko shugaban ƙasa ne.

Kai, zafin garin nan mai danƙo. Yanzu a gida ana can ana hura wuta da asuba, ga ƙosai da koko. Bari dai.

Gargaɗina ga 'yan'uwa masu turin baro a Mile 12 da masu gadi a Obalende: in an kama ka, sashe na 35 naka ne. Kana iya yin shiru har ka ga lauya. Cikin awa 24 a rubuta maka dalilin kamun da harshen da kake ji. In akwai kotu cikin kilomita 40, kwana ɗaya ne a gurfanar da kai, kuma a Legas ina ne babu kotu kusa? Inda ake faɗawa rami shi ne sa hannu. A rubuta bayani da Turanci, a ce dangwala, ka dangwala, gobe a karanta wa alƙali a matsayin bakinka. Kada ka yarda. A kotu tafinta kyauta ne, sashe na 36 ya faɗa. Kama ƙani a madadin wa kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana. In an wuce gona da iri, babbar kotu za a je bisa sashe na 46, kuma ƙa'idojin kotu na 2009 kan kare haƙƙin ɗan Adam sun yarda wani ya shigar da ƙara a madadinka. Marar kuɗin lauya ya nemi ofishin lauyan talaka na jihar Legas ko hukumar Legal Aid.

Maganar rusau ma haka. Sashe na 44 ya ce a biya diyya, amma dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, shi ya sa rasit ɗin omo onile, wato 'yan gari masu cewa filin na kakanninsu ne, shi kaɗai ba ya tsayar da katafila. Nemi takardar mallaka da sa hannun gwamna tun kafin ka aza bulo.

Sun ce ɗan takarar nan zai koma Idi-Araba ranar Lahadi. Duk wanda zai je, don Allah ya tambayar min shi ra'ayinsa a kan sashe na 45, ya ɗauko min amsar a waya. Hadari ya haɗo, bari in shige rumfa.