Darasi: yadda ake sa wa ƙudan zuma alama don a gane kowanne

Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka daga nan Ngaundere. Darasin yau na masu bibiyar ƙudan zuma ne a furen auduga ko riɗi. Ƙudan da ya zo da hantsi, shi ne ya dawo da azahar ko wani ne? Ba ka da amsa sai ka sa masa alama. Da ɗigon fenti irin wannan Karl von Frisch, wani masanin dabbobi, ya gano rawar da ƙudan zuma ke yi don nuna wa 'yan uwansu inda abinci yake, har ya samu kyautar Nobel a 1973.

Ga kayan aiki. Alƙalamin fenti mai haɗin ruwa, irin Posca, da tsinken sakace, da sirinji mai mililita 20. Ku duba nan: na yanke bakin sirinjin, na ɗaura raga, na manna soso a kan matsin. Ka sa ƙudan a ciki, ka turo sannu a hankali har gadon bayansa ya jingina da ragar. Kar ka matse, cikinsa ba ya jure danni.

Ɗigon a gadon baya yake zama, tsakanin fukafukai, inda fata ke da tauri. Kar alƙalamin ya taɓa ƙudan kai tsaye, fenti yakan kwararo. Ka ɗiga a takarda, ka dangwala da tsinke, ɗigo bai wuce ƙwayar gero ba. In ya taɓa gindin fiffike, tashinsa ya lalace. In ya taɓa ido ko gashin nan biyu na kai da yake shinshina da su, to wannan ya fita daga gwajin, kar ka yaudari kanka. A gefen jiki kuma akwai ƙananan ƙofofin numfashi, fenti na toshe su.

Ka bar shi minti ɗaya ko biyu a inuwa ya bushe. Wanda aka saki da ɗanyen fenti, 'yan uwansa za su lashe alamar, wani lokaci ma masu gadin ƙofar amya su far masa saboda baƙon wari.

Ƙudanmu na nan yana da faɗa, shi ya sa wasu ke sa shi cikin akwatin ƙanƙara 'yan mintoci har ya lafa. Ba laifi, amma kar kwalbar da yake ciki ta taɓa ƙanƙarar, kuma yana daina motsi ka fito da shi. Iskar kabon kuwa, da wasu ke sumar da ƙudan da ita, ban ba ku shawararta ba in ɗabi'a kuke aunawa: tana sa ƙaramin ƙuda ya fara fita kiwo kafin lokacinsa.

Kala biyar, ɗigo biyu, hagu da dama, za su ba ka ƙuda 25. In kana son fiye da haka, akwai 'yan lambobin roba daga 1 zuwa 99 da ake mannawa da gam. Sarauniya tsarinta daban, kalar shekara ake sa mata: fari ga shekarar da ta ƙare da 1 ko 6, rawaya 2 ko 7, ja 3 ko 8, kore 4 ko 9, shuɗi 5 ko 0.

Ka ware wasu ƙudan ka kama su, ka riƙe su a sirinji daidai wancan lokaci, ka sake su ba fenti, don ka gane ko kamun ne ya canza su ko fentin. Kuma ka rubuta kala, gefe, amya da lokaci a littafi kafin ka buɗe ragar.